Kunnuwan Lamar Tillery

Lamar Tillery farar fata ne, dogo, mai fala-falan kunnuwa. Tun yana saurayi yake aikin zagayawa da baƙi a kangon tsohuwar gonar rake da gwamnatin jiharmu ta Florida ta killace. Ba abin da ya rage a wurin sai bangon masana'antar sukari, da rijiya, da sauro. Amma in Lamar ya saka farar kwat ɗinsa ya fara bayani, sai ka rantse fada ce.

Abin alfaharinsa ɗaya ne: mai gonar kakan kakansa ne. Ya san launin labulen gidan da sunayen dawaki. In aka tambaye shi wa ya ɗora duwatsun bangon, sai ya ce, "Ma'aikata," ya yi gaba. Kalmar bayi ba ta taɓa fita daga bakinsa ba.

Mu ma Tillery ne sunanmu, mu baƙaƙen garin, kuma kowa ya san dalili: kakanninmu bayin gonar ne. Wata bazara muka yi taron dangi a inuwar bishiyoyin wurin. Gwaggo Ozella, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a cikinmu, ta ɗauki sandarta ta bi ayarin baƙi.

Lamar na cikin cewa, "Kakana mutum ne mai son jama'arsa," sai ta ce, "Gaskiyarka, yaro. Kakata ma ya so ta har 'ya'ya huɗu, ko tambayarta bai yi ba."

Ta zame ɗankwalinta ta nuna masa kunnenta. Baƙi suka dubi nata, suka dubi nasa. Wata mata ta ɗauki hoto.

"Zo ka ci kifi, ɗan'uwa," in ji Gwaggo. "Daga gani ba a ciyar da kai a ɓangarenku."

Ya zo ya zauna a bakin benci, fuska ja wur, ya ci soyayyiyar tarwaɗa har mai ya ɗiga a kwat. Mun ɗauka zai ajiye aiki don kunya.

Ashe ba mu san Lamar ba. Kafin wata ya zagayo ya sauya bayaninsa. Yanzu yana faɗa wa baƙi, har da ƙwalla, yadda ya sha wahalar bincike kafin ya gano danginsa da suka ɓata. Jaridar garin ta buga hotonsa, shi kaɗai.

Gwaggo ta rasu bara. Bai zo jana'iza ba, wai ranar yana da baƙi daga Ohio. Taron dangi kuwa ba ya wuce shi. Yakan iso da robar zuba abinci, ko kwalbar lemo bai taɓa kawowa ba.