Wanda Guguwa Ta Ɗauka

Ranar wata Laraba ta kasuwar Konni, cikin daminar 2005, yayana Isuhu ya shigo gida da babur ɗin kabu-kabu jiƙe sharkaf, ya zaro wani ƙunshin leda daga cikin riga ya jefo mini a kan turmi. Lokacin ina sauya wa anza, ƴaƴan itacen daji da muka koma ci, ruwa don ɗacinta ya fita, domin fara ta cinye geronmu na Bazaga tun bara, rumbu kuwa ko ɓera ya daina leƙa shi. Na kwance ledar da rawar jiki ina zaton ƙuli-ƙuli ne, sai ga katuna masu hotunan dodanni, wani da fukafukai, wani da kai uku. Wani fasinja ne ya mance da su a bakin iyaka. Don haushi saura kaɗan in cusa su a murhu.

Rubutun jikinsu Ingilishi ne, mu kuwa Faransanci muke fama da shi a lakwal, wato makarantar boko, shi ma da ƙyar. Isuhu bai yi nisa a karatu ba, amma ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya tara ni da yaran maƙwabta, ya kasa katunan launi-launi. Jajaye su ne dodanni masu faɗa, kowane da lamba biyu a gindi, ta duka da ta kariya. In dukan naka ya fi kariyar na wancan, ka kashe shi. Shuɗaye asiri ne, sau ɗaya ake buga su, su ƙara wa dodo ƙarfi ko su karya shi. Baƙaƙe tarko ne, a kife ake ajiye su, sai abokin wasa ya afko da gadara a juya masa. Dodon da aka kashe a gefen dama ake tara shi, wurin da Isuhu ya raɗa wa suna kushewa, akwai kuma asirin da ke tono shi ya dawo fage, shi ya sa ba mai ɓata rai don an kashe masa. Baba ya zaci karta ce ta caca, har ya ɗauko dorina. Inna ta ce a ƙyale mu, gara mu yi ta gardamar dodanni da mu zauna mu zuba wa tukunya ido. Da na gama ɗebo ruwa da ɗaure awaki, sai zaure, kuma ba na raga wa kowane namiji.

Farin kati guda ɗaya ne a cikinsu, mai hoton guguwa. Duk dodon da aka buga wa shi, Isuhu, alƙalin wasa, yakan ɗauke ya sa a aljihun gaban rigarsa har a tashi. Ranar da aka buga wa babban dodona, na yi ta masifa a sa mini shi a kushewa in tono abina. Ya yi dariya ya ce, "Ke Hadiza, wanda guguwa ta ɗauka ba shi da kushewa. Ba shi raye, ba shi mace, ina za ki tono shi?"

Kafin kaka mai babur ɗin da Isuhu ke yi wa kabu-kabu ya karɓe abinsa, don mutane sun koma tafiyar ƙasa. Isuhu ya ɗaure ƴan tufafinsa ya ce zai tafi biɗar kuɗi Libiya. Ya bar mini katunan, ya ce in riƙe alƙalanci kafin ya dawo. Wani mutumin Dogarawa ya ce ya gan shi a Agadas yana hawa babbar mota. Daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Mun ɗan ci gaba da wasa, har ranar da wani yaro ya buga farin kati. Ya ɗaga dodon yana dube-dube, mu ma muna duban gurbin Isuhu a bakin tabarma. Rigata ba ta da aljihu. Na tattara katunan ina kuka, ba mu sake shimfiɗa tabarmar ba.

Shekaru suka ja, Baba ya ce a tara malamai a yi sadaka a huta. Inna, wadda ban taɓa jin ta musa masa ba, ta ce, "Malam, ku gwada mani kushewatai in yi kuka. In babu, ɗana tahiya ya yi." Ba a yi sadakar ba, ba a kuma yi zaman makoki ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta saki muciya ta saurara, a haka har Allah ya karɓi ranta. Ita dai na san inda take kwance, ina zuwa bakin wurin in yi mata addu'a.

Yau ƴaƴana a waya suke irin wannan wasa, dodo ya mutu su latsa ya tashi, ba gardama, ba alƙali. Ni kuwa na girmi Isuhun da ya tafi yanzu nesa ba kusa ba, kuma har gobe in na ɗaga hannu ban san abin da zan roƙa masa ba, rahama ko sauka lafiya. Mai gawa ya yi kukansa ya share, mai jira ko fara kukan bai samu ba.