Robar Yaya Mai Maɓalli Tara

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, ina kan keke ina kafa hannun riga, wayata ta yi ƙara. Matarka ce. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Yayanka ya cika." Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Bakina ya faɗi haka, amma ƙafata ba ta daina taka keken ba sai da allura ta karye.

Yaya, yau kwana tara ke nan. Ni ba ma'abocin alƙalami ba ne, almakashi na sani. Abokan aikinka za su rubuta shekara talatin da ɗaya da ka yi kana koyar da kimiyya a sakandare, kuma za su fi ni iya tsarawa. Abin da ke ci na a rai daban ne, idan ban amayar da shi ba zuciyata ba za ta kwanta ba.

Lokacin da na gudu daga makaranta, kowa a gida ya yanke ƙauna daga gare ni. Kai kaɗai ka ce a ƙyale ni, ƙwaƙwalwata a yatsu take. Kai ka ɗauko kan keken ɗinkina na farko a ka tun daga tasha, wuyanka ya yi kwana uku bai juya ba. Kai ka zana inci da alli a daɓen ɗakinmu har na iya karanta tef. Rigar farko da na ɗinka maka, hannun dama ya fi na hagu tsawo da kusan yatsa uku. Ka yi zango guda kana sa ta zuwa aji, duk wanda ya tanka sai ka ce hannun da ke rubutu a allo ya fi buƙatar yadi.

Abu ɗaya ka taɓa nema a wurina. Duk farkon shekarar karatu sai ka zo shago da gwangwanin maɓallai, ka ce in yanko roba irin wadda muke sa wa ƙugun wando, in ɗinka mata maɓalli tara masu girma ɗaya, inci huɗu tsakanin kowane biyu. Da ita kake koya wa yara yadda sararin samaniya ke buɗewa. Kowane maɓalli, in ji ka, garken taurari ne guda. Ɗalibai biyu su kama bakin robar su ja. Idan ka sa ido daga maɓallin ƙarshe, maƙwabcinsa ya matsa inci ɗaya, na can ƙurya kuwa ya matsa takwas a lokaci guda. Haka masana suka gani a sama: garken da ya fi nisa shi ya fi saurin ƙara nisa. Ka ce ba maɓallan ke gudu ba, abin da suke kai ne ke miƙewa.

Daga nan sai ka sa a sassauta a hankali, maɓallan su dawo kusa da juna, ka dunƙule robar a tafin hannu. Ka ce wanda ya san nisan da aka kai da saurin tafiyar zai iya lissafawa baya ya gane lokacin da aka tashi, kuma lissafin ya ba da shekara biliyan goma sha uku da miliyan ɗari takwas. Na kan ce maka, kai da sai an tuna maka ranar haihuwar 'yarka, ga ka da shekarun sama a baki. Sai ka yi dariya ka ce ita sama ba ta fushi idan an kuskure da 'yan miliyoyi. Robar kan saki a shekara saboda jan yara, don haka kowace shekara sai ka dawo. Shekara ashirin muna haka.

Mu teloli ba ma fara aiki sai mun ninka yadi mun samo tsakiya. Ido ya saba. Shekara huɗu da suka wuce, ina ɗinka robar, na ga maɓallai tara farare sun yi mini fayau, ba kai ba gindi. Na ɗauko wani babba mai ruwan gwal na kafa shi na biyar, daidai tsakiya. A raina na ce ga mu nan, 'yan Adam. Na ɗauka gwaninta na yi, har ina jiran yabo.

Washegari da la'asar ka dawo da ita. Shago cike yake da masu zaman hira. Cikin lalama ka ce in cire babban, domin kan darasin shi ne babu tsakiya: duk maɓallin da ka tsaya a kai za ka ga sauran ne ke guje maka. Wani a cikinsu ya ce to Malam ya fitar da mu daga tsakiyar halitta, saura ya faɗa mana ko yana wurin ranar da aka kafa ta. Aka kwashe da dariya. Ka amsa masa ba tare da ɗaga murya ba.

"Ni ban ce babu Mai yi ba. Girman aikin nake nuna wa yara."

Kunya ta kama ni, amma ba kunyar da ta dace ba. Na ji kunyar a ce ɗan'uwana ne ake wa dariya, sai na koma bayan masu dariyar. Na jefa maka robar a kan tebur na ce karatu ya juya maka kai, ka nemi wani telan, ni na daina ɗinka shirme. A gaban mutane na faɗi haka ga wanda ya ɗauko mini keke a ka. Ka naɗe robar, ka sa a aljihu, ka yi wa kowa sallama har da ni.

Daga shagona zuwa makarantarku tafiyar minti goma ce. Shekara huɗu ban yi ta ba. Muna haɗuwa a sabgar dangi, in gaishe ka, ka amsa, ka tambayi yara, shi ke nan. Duk farkon shekarar karatu ina yanke roba in ajiye a aljihun tebur, in ce idan ya zo sai in ba shi haƙuri. Ba ka zo ba, sai na riƙa gaya wa matata cewa Yaya ya yi nisa da mu, ya canja. Ni ne ƙane, ni ne mai laifi, amma ni ke jira a zo a same ni.

Da ka kwanta asibiti na je sau ɗaya, ranar Lahadi. Ɗakin cike yake da malamai da ɗalibai. Ka riƙe hannuna ka daɗe ba ka saki ba, na ga kamar kana jiran wani abu. Na ce a raina ba a gaban jama'a ba, zan dawo idan an watse. Wanda ya iya cin mutunci a gaban jama'a, ya kasa neman gafara a gabansu. Litinin aiki ya riƙe ni, ko kuma na bari ya riƙe ni. Talata aka yi mini waya.

A zaman makoki wata mai koyon aikin jinya, tsohuwar ɗalibarka da ta gama shekara biyu da suka wuce, ta durƙusa ta yi mini gaisuwa. Da aka ce mata ni ne ƙanenka tela, sai ta ɗago kai.

"Baba, ashe kai ne mai babban maɓalli. Kowane aji sai Malam ya nuna shi ya ce, wannan ƙanena ne ya kafa, don haka ba ya ciruwa. Daga inda yake zai ga kowa ya guje masa. Daga inda nake ni ma haka nake gani. Mu biyun duk ba mu yi ƙarya ba."

Ta ce ajin kan yi dariya, kai ma ka yi, sannan ka ci gaba da darasi. 

Da yamma matarka ta miƙo mini gwangwanin. Robar nan ce a ciki, wadda na jefa maka. Ta tsinke a wuri uku, ka haɗa ta da hannunka da baƙin zare, ɗinki mai muni irin na wanda bai taɓa riƙe allura ba. Matarka ta ce sau da yawa tana cewa a kai wa wani tela a yi sabuwa, kai kuma ka ce a bari, kana da tela.

Na kai ta shago, na rufe ƙofa, na kama baki biyu na ja kamar yadda yara ke yi. Sannan na sassauta a hankali yadda kake cewa a yi. Robar ta mutu, Yaya. Maɓallan suka tsaya inda na kai su, ko ɗaya bai dawo ba. A aljihun teburina kuma ga sababbi huɗu a naɗe.

Ban san ko ka yafe mini ba. Alamu sun nuna haka, amma ban ji daga bakinka ba, kuma ni na hana kaina ji. Da wannan zan zauna sauran kwanakina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta haƙura da ni ba ta taɓa goranta mini ba, da 'ya'yanka, da dubban ɗalibanka. Duk wanda a cikinsu ya san abin da na yi, ina roƙon ya yafe mini a madadinka. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa abin da ka koyar ya zama haske a gare ka. Ya ba iyalinka juriyar rashi. Wanda Ya gina sama kuma Yake faɗaɗa ta, Shi ke da ikon tattaro abin da ya watse. Ina roƙon Sa Ya haɗa ni da kai a gidan rahama, Ya ba ni bakin faɗin abin da na kasa faɗa a minti goma na tafiya.