Waƙar Ɗan Farin Kaka

Shekaranjiya na hau adaidaita sahu daga Takur zan koma gida, sai direban ya danna wayarsa, sautin wata ganga ya cika mana kunne. Bugu ne mai nauyi, a hankali yake farawa kamar ana sarar busasshiyar ƙasa, kafin 'yan amshi su shigo. Wani dattijo da ke zaune a gaba ya fara gyaɗa kai yana cewa, "Allah ya ji ƙan maza. Yanzu ina ake irin wannan?" Ni kuwa kasa zama na yi. Na ce wa direban ya sauke ni, ko rabin hanya ban kai ba. A ƙafa na ƙarasa Yalwawa.

Ba zan faɗi sunan mawaƙin ba, mai karatu. Ya rasu, kuma mutane suna ƙaunarsa. Mawaƙin noma ne, wanda duk damina gidajen rediyo ba sa gajiya da sa shi. A jami'a mun karanta waƙoƙinsa a darasin adabi, malaminmu yana lumshe ido idan yana karanto baitocin. Na rubuta jarrabawa a kansa, na kuma ci. Amma ban taɓa jin daɗinsa ba, ko da na rana ɗaya. Na gwada. Na sha sa shi a kunne ni kaɗai ina jiran abin da kowa yake ji ya zo mini, bai zo ba. Ƙawayena suna cewa boko ne ya lalata mini kunne. Ba boko ba ne. A wurin Kaka na gada.

A gidanmu wannan waƙar ta wuce waƙa. Jarumin manomin da ake kiran sunansa a cikinta, ake cewa garmarsa ba ta kwana da ƙasa a baki, wan Baba ne. Shi ne ɗan farin Kaka, Baba kuma shi ne auta. Wan nasa ya rasu yana saurayi, lokacin Baba yana goye. Ba shi da hoto, bai bar ɗa ba, har garmar tasa ba a san inda ta shiga ba. Abin da ya rage na shi a duniya shi ne kaset ɗin nan da Baba yake naɗewa a hankici yana ajiyewa a saman durowa.

Duk ranar da aka yi ruwan farko, Baba zai dawo daga sakatariya, ya cire takalmi, ya fito da rakoda tsakar gida. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana tashi, duwatsun bayan unguwa sun yi baƙi suna sheƙi, shi kuma yana tsaye da hannunsa mai laushi na ma'aikacin ofis yana tsuma. "Kun ji ko? Yayana ke nan! Jininku ke nan!" Yayyena maza su yi ta tsalle suna sarar iska.

Kaka kuwa, da ta ji bugun farko, sai ta ɗauki butarta ta zagaya bayan ɗaki wurin awaki.

Kowa ya san dalili, ko kuma kowa yana ganin ya sani. A zamaninsu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta zama inda ake yabonsa. Ko da ya mutu ba ta kuka a gaban mutane. Alkunya ce, kuma ado ce ga mace. Saboda haka idan Kaka ta tashi, murmushi ake yi. Umma takan ce, "Kai, Inna! Har yanzu? Jikoki sun cika gida amma kunyar ɗan fari ba ta sake ki ba?"

Ita kuma ba ta waiwayowa. "Ku dai ku ji abinku," take cewa.

Ɗaki ɗaya muke kwana da Kaka tun da Baba ya ɗauko ta daga ƙauyenmu na hanyar Garki. Ɗakin yana ƙamshin daddawa da man shanu da tsohuwar ƙwarya. "Ƙawata" take ce mini. Ita take yi mini kitso tana zagin gashina, wai kamar tsintsiyar kwakwa, ni kuma ina ce mata da gashin tsintsiya gara da babu haƙori. Ta yi dariya har ta yi tari. Mace ce mai son kiɗa, kada ka ɗauka ba ta so. Idan mata suna kiɗan ƙwarya a gidan suna, takan yi rausaya daga zaune. Wannan gangar ce kaɗai.

Wata rana na bi ta bayan ɗakin. Na same ta zaune a kan turmin da aka kife, tana zare zaren bakin zanenta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kore ni ba. Ta ce, "Ƙawata, akuyar nan ta ci dusa kuwa?" Na ce ta ci. Na zauna a gefenta. Daga nan bayan katanga waƙar ba ta yi kama da yadda take a tsakar gida. Muryoyin ba sa isowa sosai, gangar ce kawai take dukan bango, tana ƙara sauri, tana ƙara sauri, kamar ana korar wani abu mai rai. Tun daga ranar duk lokacin da aka sa kaset ɗin a can nake zama. Haka na koyi jin waƙar, da warin awaki a hancina da yatsun Kaka suna zare bakin zane a idona, kuma har yau haka nake jin ta.

Mutum ɗaya ce ta taɓa ganin abin da nake gani. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Filato, ma'aikaciyar jinya, da ta shigo aron rariya ta iske Kaka a wurin awaki. Da za ta fita na ji ta ce wa Umma, "Maman yara, tsohuwar nan fa ba kunya take ji ba." Umma ta yi dariya ta ce, "Ke dai ba ki san al'adarmu ba ne."

Ina ajin ƙarshe a firamare aka gayyato mawaƙin zuwa nan Dutse wani taron manoma. Baba ya je ya kutsa har ya same shi, ya faɗa masa ko shi wane ne. Ya dawo gida fuskarsa tana haske, ya durƙusa a ƙofar ɗakinmu.

"Inna, albishirinki. Zai zo gidan nan da kansa ya gaishe ki."

Kaka tana tsince wake. Ba ta ɗago ba. "Auta, dole ne?"

"Haba Inna, ai girma ne. Manyan mutane suna nemansa ba su samu ba."

Ta daɗe tana juya waken a faifai. Sannan ta ce, "To."

Aka sayo mata sabuwar atamfa, aka yanka kaji. Aka aika ƙauye a kira Goggo, yayar Baba, wadda take bin marigayin. Da ta iso ta ji abin da ake shiryawa, ko ruwa ba ta sha ba ta ja Baba zaure. Ina laɓe na ji tana cewa, "Ka janye maganar nan. Ka ce masa Inna ba ta da lafiya."

"Saboda me, Yaya?"

Goggo ta buɗe baki, sai ga tarin Kaka daga ɗaki, irin tarin da ba na ciwo ba. Goggo ta ja mayafinta ta ce, "Shi ke nan. Allah ya sa a yi lafiya."

Bayan azahar suka zo, hadari yana haɗuwa a gabas. Yaran unguwa sun hau katanga, mata sun cika tsakar gida, turaren wuta yana tashi. An zaunar da Kaka a kan darduma a tsakiya, atamfar tana ƙara saboda sabunta, ni kuma ina gefenta. Na ɗauka zan ga ƙaton mutum mai girman muryarsa. Sai ga wani ɗan tsoho siriri, bakinsa ja da goro, babbar riga ta yi masa yawa. Ya cire takalmi ya tsuguna a gabanta.

"Inna, barka da war haka. Kin shaida ni?"

Kaka ta dube shi. Ban taɓa ganin ta kalli namiji ido cikin ido haka ba.

"Na shaida ka," ta ce. "Ka tsufa."

Mata suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya sunkuyar da kai yana murza gefen rigarsa, sannan ya juya ya ce wa Baba, "Alhaji, gaisuwa muka zo, mun kuma gaisa. A yi mana izini." Amma ina! Mutane suka ɗau hayaniya, Baba ya riƙe masa hannu yana roƙo, makaɗinsa kuma bai jira umarni ba, ya saki gangar.

Tsohon ya miƙe. Da ya buɗe baki sai ya zama wani mutum dabam, ƙirjinsa ya buɗe, muryar nan ta rediyo ta fito daga wannan ɗan jikin. Ya kira sunan. Ya sake kira. A gaban uwar da ba ta taɓa furta shi da bakinta ba, tazarar da ba ta fi a miƙa hannu ba. Wannan karon babu buta, babu awaki. Mata sun kewaye ta suna guɗa a kanta, wata tana ɗaga mata hannu sama. Baba yana hawaye yana dariya. Fuskar Kaka ba ta motsa ba, wanda ya kalle ta zai ce dattaku ne. Amma a ƙarƙashin mayafinta ta riƙe wuyan hannuna, tana matsewa da kowane bugu, har farcenta ya shiga fatata. Ban yi kuka ba. Na ji a raina idan na yi motsi wani abu zai fashe.

Da aka gama, ta ce a ba baƙo ruwa. Ya karɓi kofin, bai sha ba. Ruwan sama ne ya watsa taron.

Washegari na dawo daga makaranta na tarar ta ɗaure ƙoranta a tsohon zane. Ta ce damina ta kama, za ta bi Goggo ta je ta ga gona. Tsohuwar da ba ta iya tsallaka kwata sai an riƙe ta. Baba ya yi magiya, ya tambaya ko wani ya ɓata mata rai, ta ce babu kowa, Allah ya yi masa albarka, ya fitar da ita kunya. Ni na riƙe zanenta ina kuka. Ta shafa tabon da ke hannuna da babban yatsanta ta ce, "Ƙawata, ki riƙe mini akuyar nan. Kada ki bari su ba ta leda."

Ba ta dawo ba. Kafin a yanke gero aka aiko ta rasu. Na yi shekaru ina kwana ni kaɗai a ɗakin, ƙamshin daddawa yana raguwa har ya ƙare.

Yanzu ba a gayyar noma a ƙauyenmu. Feshi ake yi, ana ɗaukar 'yan ƙwadago, kowa da wayarsa a aljihu. Matan zamaninmu suna kiran 'ya'yansu na fari da suna, suna sumbatarsu a gaban kowa, kuma ban ga laifinsu ba. Waƙar kuwa ta fi da rai. An sake ta da fiyano, ana rawarta a wurin biki, amare da ba su taɓa riƙe fartanya ba suna rera sunan kawuna. Baba ya yi ritaya, rakodar ta mutu, ni ce ma na saka masa waƙar a waya. Ranar ruwan farko yakan zauna a kujera ya sa ta, ba ya iya tsayuwar tsuma kuma. Ni kuma in sami abin yi a bayan ɗaki.

Sai bara, bayan na gama jami'a, na je duba Goggo da ciwon ido ya kwantar. Wani jikanta ya sa waƙar a ƙofar gida, ta daka masa tsawa ya kashe. Na nuna mata tabon farcen Kaka da ke hannuna, na ce, "Goggo, ke ma?" Sai ta ce in jawo ƙofa.

Ta ce shekarar da abin ya faru an kira gayyar huɗa, wani gwanin noma na ƙauyen gaba zai zo. Wansu yana kwance da ciwon shawara, idonsa kamar an zuba rawaya, ko kunu ba ya zama a cikinsa. Kaka ba za ta iya ce masa kada ya fita ba, ba ta magana da shi kai tsaye. Sai ta ɗauki Goggo da safe, Baba yana goye a bayanta, suka je inda makaɗa suka sauka. Mawaƙin a lokacin saurayi ne, babu wanda ya san shi. Kaka ta durƙusa masa a ƙasa, ita da ta isa ta haife shi, ta ce, "Yaron nan na gidana ba shi da lafiya. Don Allah kada ka kira shi." Ya ce, "To, Inna, na ji."

Da rana ta ɗaga baƙon ya tsere wa kowa, mutanen gari suka ji kunya, suka matsa wa mawaƙin ya kira wansu. Mawaƙin ya baro gonar da gangarsa ya zo har jikin dangar gidan, ya tsaya, ya fara wannan waƙar. A ranar aka ƙirƙire ta. Wansu ya tashi daga tabarma ya ɗauki garma, ya wuce ta gaban Kaka, ba ta ce komai ba. Ya kamo baƙon, ya wuce shi, ya kai ƙarshen gona ana guɗa, ya faɗi yana aman jini. Kafin la'asar an rufe shi.

Na ce, "Baba ya sani?"

Goggo ta girgiza kai. Ta ce sau da yawa ta so ta faɗa masa, har ranar da suka tsaya a zaure. Kaka ce ta hana, tun yana yaro, ta kuma sake hanawa a mota ranar da suka baro Dutse. Ta ce mata, "Ku bar masa. Bai san wansa a ko'ina ba sai a cikin waƙar nan."