Bututun da Ya Toshe Ya Raba Ni da Ƙanin Matata

A lokacin ina zaune a unguwar Jurf da iyalina, ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani ƙaramin kamfani a nan Madina. Daga rijiyoyin mai masu nisa ake kawo mana ruwan gishirin da ke fitowa tare da ɗanyen mai. Aikina shi ne in auna abin da ke cikinsa, in faɗi ko zai yi ƙanzo a bututu, irin farin nan da ke kama cikin butar shayi, sai dai wannan tauri yake yi kamar dutse. Mai ɗauko mana ruwan a cikin kwalabe ƙanin matata ne, ni na samo masa aikin.

Akwai rijiyar da na ce ba ta da matsala. Ba a jima ba bututunta ya toshe, aiki ya tsaya. Mudir, wato shugaban kamfanin, ya kira ni ya ce ko dai ban yi gwajin ba, ko an sauya kwalba a hanya. Daga ranar, in na shigo ofis sai hira ta mutu. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a hannun kamfanin take, tsoro ya kama ni, na fara neman mai laifi. Na tuna na taɓa ganin ƙanin matata yana shan shayi da direban wani kamfani da ke hamayya da namu. In ya yi waya sai in kasa kunne, in ya yi dariya in ce da biyu. Ya rantse mini a gaban yayarsa cewa bai taɓa buɗe kwalba ba. Duk da haka na faɗa wa mudir abin da na gani. Aka sallame shi, ya koma gida Sudan.

Daga baya bincike ya nuna bayan an ɗebi ruwan da na gwada ne aka fara tura ruwan teku cikin ƙasa a wajen rijiyar don ya turo man sama. Haɗuwar ruwan biyu ce ta haifar da ƙanzon. Gwajina daidai ne, kwalbarsa ma daidai.

Na kira shi, ya ce ya yafe, amma bai sake kirana yaya ba. Ina jan hankalin masu karatu, in abu ya lalace a wurin aiki, ku binciki abin kafin ku binciki mutum. An wanke bututun da sinadari ya koma aiki, matata kuwa har yau in za ta yi waya da ƙaninta sai ta fita tsakar gida.