Errol Pascoe, Likitan Bindigar Zomo

Kowace safiya Errol Pascoe yakan buɗe shagonsa da ke bayan gidan mai, ya ɗora butar shayi, ya maƙala tabarau. Ya daɗe yana gyara mana bindigogi a nan Yarrawin, kuma ba ya taɓa bindiga sai ya ji labarinta daga bakin mai ita. Ni kaina na sha jin haushin wannan hali. Kana sauri, shi yana tambayarka lafiyar tumaki!

Bara Noelene Trigg ta sayi sabuwar ƙaramar bindiga, saboda zomaye sun far wa gonarta ta latas, wadda da ita take riƙe gida. Sai ga matsala: duk harbi sai kwanson harsashi ya maƙale. Kafin ta zaƙulo shi da wuƙa, zomaye sun ƙoshi sun yi gaba. Ta goge maiƙo, ta canza harsashi, duk a banza. Har ta fara maganar sayar da gonar.

Ina shagon ranar da ta shigo da mijinta, Merv.

"Errol, duba min tarkacen nan kafin in jefa ta rijiya."

"Zauna tukuna, Noelene. Kai kuma Merv, kana taɓa ta?"

"Wa, ni? Ko harsashi ban taɓa sa mata ba! Hannu kawai nake gwadawa a baranda, ina jan kunama."

"Ba komai a ciki?"

"To me zai faru, tunda ba ta tashi?"

Errol ya yi dariya har da hawaye. Irin wannan bindiga, in an ja kunama, gefen harsashi allurar ƙarfen da ke cikinta take bugu. In babu harsashi, sai ta daki bakin gurbinsa ta lanƙwasa ƙarfen, shi ne ke riƙe kwanson. Ya zura wani siririn ƙarfe ya murza a hankali, bakin ya koma daidai. Kallon da Noelene ta yi wa Merv, ba na yi wa maƙiyina fatansa. Har yau Merv ke feɗe zomaye, hukuncinsa ke nan.

Kai ne mai haƙurin sauraro, Errol, gwanin da ba ya kunyata mai kuskure sai dai a yi dariya tare. Ga shi watan nan za ka rufe shago, kuma wallahi raina ba daɗi. Mun gode. Matasanmu, ku je ku zauna kusa da shi ku koya tun yana da ƙarfin nuna muku.

Noelene kuma ta ce in faɗa maka a gaban kowa: gonar tana nan, ba ta sayar ba.