Sumana da Bututun Ɗumi

Duk wanda ya zauna a Zangon Kumasi wajen 1926 ya san Sumana, Bazabarmen nan mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Maƙeri ne tun asali, mai gyaran fitilu da butoci. Da motoci suka fara bin hanyar Salaga sai ya koyi tuƙi, ya kama aiki wajen Garuba mai fataucin goro. Mutumin kirki ne, amma fa akwai taurin kai: gara ya kwana biyu yana lalube da ya buɗe baki ya yi tambaya.

Motar Garuba tsohuwa ce, daga hannun wani Bature aka saye ta. Tana da wani bututun kwano da aka naɗe jikin salansa, wato bututun hayaƙin mota, iska ta bi ta ciki ta ɗauki zafi ta fito a ƙafar mai zama gaba. Wa ke neman ɗumi a Kumasi? Sumana bai taɓa bi ta kansa ba.

Sai a daminar da matarsa Zaratu ta kwanta. Shekara talatin suna tare. Ciwon ƙirji ya cinye ta, ko da rana tsaka rawar sanyi take yi. Wata safiya ta ce, "Maigida, kai ni Salaga in ga 'yan'uwana, kada in mutu ban gan su ba."

Ya san sanyin ruwan da ake tafkawa a hawan dutsen Mamfon zai iya ƙarasa ta. Nan ya tuna da bututun. Ya tada mota ya kara hannu, sai iska mai sanyi ƙalau. Ya zura waya ko gidan zanzaro ne ya toshe shi, babu. Ya liƙe ramukan tsatsa da dalma, ya canja marfi. Kwana biyu cur yana fama, Zaratu na tari a ɗaki.

Ran na uku Garuba ya iske shi kwance a ƙarƙashin mota, ya tambayi abin da yake nema. Da ya ji, sai ya kama baki.

"Haba Sumana! Ai ni na sa aka raba shi da salansa tun kafin ka zo, aka juya bakinsa waje. Farin goro nake ajewa a gaba, kuma ka san goro ba ya son zafi. Me ya hana ka tambaye ni?"

Wallahi Sumana ya ji kunya da baƙin ciki har cikin ƙashinsa. Aikin mai da bututun jikin salansa bai kai sa'a guda ba. Garuba da kansa ya kwashe goron ya mai da baya, ya ce in ya lalace ya lalace.

Suka kama hanya da hantsi, ruwa na zuba. Zaratu ta miƙe ƙafafu a bakin bututun, ta yi ajiyar zuciya. "Kai, Maigida, rabona da jin daɗi haka tun azumi." Ta jingina kai, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Shi da ba ya magana, ran nan bakinsa ya buɗe. Ya ba ta labarin garinsu, da ranar da ya fara ganinta tana tallan koko. Jifa-jifa yakan miƙa hannu ya taɓa ƙafarta, ya ji da ɗumi, hankalinsa ya kwanta ya ci gaba da zance.

A Yeji, bakin kogi, ya tsaya jiran jirgin fito. Ya ce, "Tashi ki ga ruwa, mun kusa gida." Ya kama hannunta, ya ji shi sanyi ƙalau, har ya fara sandarewa.

Ya ƙara shekara ashirin yana bin hanyar nan. Har ya rasu bai san a wane gari ta bar shi yana magana shi kaɗai ba.