Karen da Ke Bin Wutsiyarsa

Lawali mafarauci ne a Dalijan, cikin ƙasar Gwandu. Da damina yana gona, da rani yana daji da karnukansa. Ba shi da yawan magana, kuma kullum shi ne na ƙarshen fitowa in za a tafi farauta. Abokansa sun ɗauka nawa ce kawai.

A shekarar 1985 wani makiyayi ya ba shi 'yar karya, ya sa mata suna Barsu. Zomo ba ya tsere mata. Sai dai in an dawo gida takan kama juyi tana bin wutsiyarta, tun hantsi har azahar, har tafin ƙafarta ya goge. Tsawa ba ta hana ba, ɗauri bai hana ba. Da ta haihu, Lawali ya ce ƙila gani ne ke sa 'ya'ya su koya, don haka ana yaye su ya kai wa amininsa Jibrin ɗaya a Dangoma, kusa da Kalgo. Bayan wata takwas, ɗan karen ma ya fara juyin.

Ranar wata Talata a ranin 1991, Jibrin ya iso bisa babur, ko sallama bai gama ba.

"Taso, Lawali. Karen nan ya ciji Zulai."

Zulai 'yar Jibrin ce, shekararta bakwai. Ta ga karen yana juyi, ta kama shi don ya tsaya, ya kafa mata haƙori a hannu.

Suka iske karen ɗaure a gindin tsamiya, yana zagaye, harshe waje. Mutane sun kewaye shi da sanduna, ana ta cewa haukan kare ne. Malam Abdulgani, malamin dabbobi daga Kalgo, ya riga ya sa an tafi da yarinyar asibiti a fara yi mata allura. Yana roƙon a bar karen a ɗaure kwana goma. In hauka ce, ba zai kai ba, kuma ta haka kaɗai za a san halin da Zulai ke ciki.

Bawa, yayan Jibrin, ya ɗaga gora. "Mu zauna da mahaukacin kare cikin gari har kwana goma?"

Lawali ya shiga tsakaninsa da karen. "Yaya Bawa, ba hauka ba ce. Gado ne. Uwarsa haka take."

"Gado? Wa ka taɓa ji ya gaji juyi?"

Lawali ya juya ya fuskanci mutanen.

"Ni," ya ce. "Kun san Baba, Allah ya jiƙansa. Alwala yake maimaitawa har a sallame salla. Ni kuwa ba na iya barin gida sai na koma na taɓa ƙyaure sau bakwai. Na san a rufe yake. Amma in ban taɓa ba, ji nake ƙirjina zai fashe. Yanzu ga ɗiyata Huseina, wanke hannu take har fata ta tsage. Ita ko ganin kakanta ba ta yi ba."

Wani ya ce subhanallahi. Wani daga baya ya ce, "Yau ga mutum yana haɗa gidansu da kare." Bawa ya sauke gorar, amma bai ajiye ta ba.

Lawali ya tare a zauren Jibrin, shi ke ba karen abinci. Rana ta huɗu karen ya ƙi ci, ya kwanta yana haki. Labari ya zagaya, Bawa ya dawo da mutum uku. Mahaifiyar Zulai tana kuka a bayan danga. Lawali ya tura wa karen kwanon ruwa da sanda, domin kowa ya san mahaukacin kare ba ya iya haɗiyar ruwa. Karen ya sansana, ya kau da kai. Bawa ya matso. Sai karen ya miƙe a hankali, ya sa baki, ya shanye tas.

Ya kai kwana goman lafiya. Ciwon Zulai ya warke, tabo kawai ya rage.

Maganar da Lawali ya yi kuwa ta riga shi komawa Dalijan. A kasuwa ana nuna shi da baki, matarsa Hajara ta yi sati ba ta yi masa magana ba, don ya tona asirin 'yarsu a bainar jama'a. Amma Malam Abdulgani ya gaya masa likitoci sun san wannan lalura, ya ba shi shawarar ya kai Huseina babban asibiti a Sakkwato. Suka tafi su uku, har da Hajara. Abin bai rabu da yarinyar gaba ɗaya ba, amma hannunta ya warke, ta koma makaranta. Lawali bai sake barin jinin Barsu ya hayayyafa ba.

Bayan shekara biyu, wani dattijo da Lawali bai sani ba ya zo daga Kalgo a ƙafa. Ya zauna, suka gaisa, ya yi ta zancen damina. Sai da ya tashi tafiya ya rage murya.

"Malam Lawali, ina da ɗa. Ba ya wuce bakin ƙofa sai ya ƙirga taku. Wane likita kuka gani a Sakkwato?"

Lawali ya ce ya koma ya zauna, ya kira Hajara ta kawo katin asibitin.